Kalmomin Aure na Turanci da Abin da Bahaushe Ke Ji a Cikinsu

Duk ɗalibin sakandare a Tudun Wada ko Kiru da ya taɓa zama yana bitar tsofaffin tambayoyin WAEC ko NECO ko JAMB ya san sashen nan na Turanci da ake ja wa kalma layi a ce ya zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Idan batun aure ya faɗo a wannan sashe, kalmomin da ke zagayowa ba su wuce bakwai ba: marital, matrimonial, conjugal, nuptial, connubial, bridal da wedded. Hanya mafi sauƙi ga malamin da ke da aji cike maƙil da ɗalibai ita ce ya ce musu duka "na aure" suke nufi, su haddace, a wuce gaba. Wannan amsa takan ba da maki, kuma ba ƙarya ba ce ɗungurungum. Sai dai tana ɓoye abubuwa biyu. Na farko, kalmomin nan kowacce ta wani gefe ta kama aure, har ma ɗaya daga cikinsu, a dokar Najeriya, tana iya kai mutum kotun da ba ta da hurumin sauraron ƙararsa. Na biyu, wanda ya fi damuna, Hausa tana da waɗannan bambance-bambance tsaf, sai dai ba a gurbin da Turanci ya ajiye nasa ta ajiye nata ba. Wanda ya tsaya a "na aure" ya sa ɗalibi ya zaci Turanci na da kalmomi bakwai inda Hausa ke da ɗaya tilo, alhali abin ba haka yake ba.

Yawan kalmomin ya samo asali daga tarihin Ingila. A shekarar 1066 Normandawa masu magana da Faransanci suka ci ƙasar da yaƙi, kuma tsawon ƙarnuka Faransanci ya zama harshen fada da na kotu, Latin kuma yana nan a matsayin harshen coci da na rubutun malamai, talakawa suna ci gaba da Turancinsu na gida. Sakamakon haka abu ɗaya ya wayi gari da suna na gida, da suna na kotu, da suna na littafi. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin irinsa ya faru da harshensa ta hanyar Larabci. Muna da aure, muna da nikahi. Muna da saki, muna da ɗalaƙi. Ba wanda zai aika goron gayyata ya ce ana nikahin 'yarsa ranar Juma'a a Bebeji, amma malamin da ke karantar da Risala a zaure zai ce an zo babin nikahi, kuma kowa ya san bai yi kuskure ba. Ma'anar ɗaya ce idan ƙamus aka tambaya, amma mazauninsu daban. Haka kalmomin Turancin nan suke, da ƙarin cewa nasu bambancin ya wuce na mazauni, ya taɓa ma'anar kanta.

Guda huɗu daga cikinsu ba su da nauyi sosai, ana iya sallamar su da wuri. Wedded ta gida ce, daga tsohuwar kalmar da ke nufin alkawari ko jingina, kuma a yau ta fi zama a cikin alkawarin da ma'aurata ke ɗauka a coci, da wajen ambaton sababbin aure. Bridal ta amarya ce kawai, kayanta da kwalliyarta da rakiyarta, shi ya sa masu shagunan kwalliya a Kano suka fi son ta a allunansu. Abin dariya a nan shi ne asalinta sunan shagalin giya ne da ake yi a bikin amarya a tsohuwar Ingila, daga baya kunne ya ɗauke ta a matsayin sifa. Nuptial daga Latin take, tana nuni ga ranar kanta da hidimarta, wato ɗaurin aure da biki, kuma tana da ƙamshin jarida da katin gayyata. Abin da aka yi kafin wannan rana shi ne prenuptial, kamar yarjejeniyar dukiya da masu hali a Amurka ke rattaba wa hannu kafin a ɗaura. Connubial kuwa, wadda ta fito daga haƙƙin ƙulla halastaccen aure a dokar Rumawa, ta kusa zama kayan tarihi. Baturen da ya yi amfani da ita a hira, yawanci zolaya yake yi.

Sauran ukun su ne masu aiki, kuma marital ce ta fi su yawo. Asalinta kalmar Latin da ke nufin miji, amma ta daɗe da barin miji ta koma nufin zaman auren gaba ɗaya, ba tare da yabo ko suka ko kunya ba. Ita ce kalmar likita da ma'aikacin ƙidaya da mai bincike. Ita ce a kan katin asibiti da takardar neman aiki da fom ɗin katin ɗan ƙasa, inda ake tambayar matsayin mutum game da aure. Daga gare ta aka samo premarital da extramarital, na kafin aure da na wajen aure. Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin a ɗaura aure a Jihar Kano, da kalmar premarital aka sa mata suna, kuma daidai ne: abin da dokar ke karewa zaman da za a yi ne da 'ya'yan da za a haifa, ba hidimar ranar biki ba. Da an kira gwajin bridal, da an ɗora shi a kan amarya ita kaɗai an bar ango. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kalmomin ba sa maye gurbin juna.

Conjugal ta fi dacewa da kunnen manomi. An gina ta ne daga kalmar Latin da ke nufin karkiya, itacen nan da ake ɗora wa shanun huɗa biyu a wuya su ja garma tare. Wanda ya taɓa ganin ana huɗar masara a Doguwa ya san hoton: sa biyu, itace ɗaya, ba wanda zai yi gabas ɗan'uwansa ya yi yamma. Daga wannan hoto kalmar ta tattara ma'anarta a kan abin da ke tsakanin miji da mata su biyu, musamman shimfiɗa. Idan aka ce wasu ƙasashe na bai wa fursuna conjugal visit, ba ziyarar da mata ke kai wa mijinta abinci ake nufi ba, keɓewa ake nufi. A nan ne "na aure" ke yin ɓarna ta hanyar da ba a lura. Mai fassarar da kunya ta kama shi ya ce "haƙƙoƙin aure" ya haɗa ci da sha da tufafi da muhalli da magani cikin abin da Baturen ya keɓe. Alhali Hausa na da hanyoyin faɗin abin cikin ladabi ba tare da an ɓata ma'ana ba: haƙƙin kwanciya, haƙƙin shimfiɗa, auratayya a bakin wasu malamai. Tana ma da abin da Turanci ba shi da shi ko kusa, wato rabon kwana da ranar girki, domin harshen da ya tashi a gidan mace ɗaya bai taɓa buƙatar sunan daren da ya faɗo wa uwargida ba.

Matrimonial ce ya kamata a daɗe a kanta. Tushenta kalmar uwa ce a Latin, kamar a ce aure shi ne halin da ke mai da mace uwa, amma a Turancin yau ta zama kalmar lauyoyi: aure a matsayin abin da doka ta san da shi, da dukiyarsa da gidansa da shari'arsa. A Najeriya kuma ma'anarta ta ƙara ƙuntata. Akwai Dokar Aure ta 1914, wadda ta tsara auren da ake ɗaurawa a ofishin rajista ko a wurin ibadar da aka ba lasisi, auren mace ɗaya da namiji ɗaya. Tunanin da ke ƙarƙashinta shi ne wanda wata kotun Ingila ta bayyana a shari'ar Hyde da Hyde a 1866, cewa aure haɗuwa ce ta mutum biyu har mutuwa, ba na uku. Wanda ya yi irin wannan aure sannan ya ƙara mata ta hanyar al'ada, dokar ta tanadar masa ɗaurin da ya kai shekara 5. Sai kuma dokar 1970, Matrimonial Causes Act, wadda aka yi a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka kwaikwayo yawancinta daga dokar Ostireliya ta 1959 da gyaran da Ingila ta yi wa dokar sakinta a 1969. Ita ce ta tsara yadda ake raba wancan aure na rajista: a Babbar Kotu ake yi, dalilin da ake karɓa guda ɗaya ne, wato auren ya lalace yadda ba ya gyaruwa, kuma galibi ba a shigar da ƙarar saki kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu. A sashe na 69, inda ake maganar ciyarwa da riƙon 'ya'ya da rabon dukiya, dokar ta faɗa ƙarara cewa auren da take nufi bai haɗa da wanda aka ɗaura bisa tsarin Musulunci ko al'ada ba.

A duba abin da wannan ke nufi a kudancin Kano. A kan hanyar nan da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Saminaka, iri uku na aure ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Mafi yawa auren Musulunci ne, da waliyyi da shaidu da sadaki da siga, kuma rikicinsa kotun shari'ar Musulunci yake zuwa, ɗaukaka ƙararsa kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan al'amuran iyali na Musulunci. Akwai auren gargajiya a tsakanin waɗanda suka riƙe al'adar kakanni. Akwai kuma Kiristoci, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, a Doguwa da Tudun Wada, waɗanda wasunsu aurensu na rajista ne, wasu kuwa albarkar coci ce aka ɗora a kan auren al'ada, wanda a idon doka bai zama na rajista ba. Duka ukun marital ne: kowanne yana da zaman aure da matsalolinsa. Amma na rajista kaɗai ne ke shiga ƙarƙashin matrimonial causes. Idan mai fassara a rediyo ko a taron wayar da kai ya ce "dokar shari'o'in aure ta Najeriya ta ce ba a saki kafin shekara 2", kowace kalma ya fassara daidai, amma jimlar ta zama ƙarya ga mafi yawan masu sauraronsa a Yako ko Riruwai. Abin da ya kamata ya ce shi ne "dokar auren rajista". Kalma ɗaya ya ƙara, kuma ba daga ƙamus ya samo ta ba, daga sanin inda kalmar Turancin take zaune ya samo ta.

A cikin wannan doka ta 1970 akwai wani abu da ke nuna cewa ko kalma ɗaya takan sauya launi idan ta sauya ɗaki. Ana kiransa restitution of conjugal rights: wanda abokin zamansa ya ƙaurace masa ya nemi kotu ta umarci a dawo a zauna tare. A nan conjugal ba shimfiɗa take nufi kai tsaye ba, domin kotu ba ta tilasta wannan. Zama a inuwa ɗaya take nufi. Bahaushe zai yi saurin cewa ai wannan biko ne, kuma akwai kama, har ma dokar na son mai ƙara ya nuna cewa ya fara aika takardar lallashi kafin ya zo kotu. Amma biko aikin dangi ne da dattawa, ana tafiya da ban haƙuri, wani lokaci da ɗan abin hannu, kuma manufarsa mace ta koma ɗakinta. Umarnin kotun kuwa, idan aka shekara ba a bi shi ba, yana zama hujjar neman saki, don haka a aikace yakan zama tsani zuwa rabuwa. Ingila da ta haifi wannan ƙa'ida ta soke ta a 1970, shekarar da Najeriya ta rubuta ta a sabuwar dokarta. Wanda ya fassara ta da biko ya sa mata rigar da ta fi ta kyau.

To ina Hausa ta ajiye nata bambancin? Hausa ba harshe ne mai yawan sifofi ba, da sunaye take aiki, tana ɗaure su da ɗan harafin nan na mallaka. Abin da Turanci ke yi da sifa a gaban suna, Hausa na yin sa da sunan da ta sa a gaban kalmar aure. Ɗaurin aure da bikin aure su ne fagen nuptial. Zaman aure shi ne fagen marital. Kwanciyar aure ita ce conjugal. Igiyar aure, wadda kowa ya san guda uku ce kuma ana tsinka ta ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta fi kusa da aure a matsayin ƙulli na shari'a. Kayan amarya da rakiyar amarya sun ɗauke bridal. Ba gurbin da ya rage babu kowa. Sannan Hausa ta juya kalmar ta sa bayani a bayanta, ta buɗe wani fagen da Turanci sai ya yi dogon zance kafin ya shiga: auren zumunci, auren sadaka, auren dole, auren kulle, auren kisan wuta, auren ɗauki-sandarka, auren huce haushi. Littafin Baba of Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar wata Bahaushiya daga bakinta, cike yake da irin waɗannan rabe-rabe, kuma sai da aka yi wa mai karatun Turanci bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Sifofin Turanci suna amsa tambayar wane ɓangare na aure ake magana. Ginin Hausa yana amsa wannan, ya ƙara da wane irin aure ne, wa ya haɗa shi, kuma don me.

Inda rashin daidaiton ya fi fitowa fili shi ne akwatunan nan biyar da ke ƙarƙashin marital status a fom: single, married, separated, divorced, widowed. Turanci ya raba mutane bisa dalilin da ya raba su da aure, mutuwa ce ko saki. Hausa ba ta fara da dalili ba, da lokaci ta fara, da kuma tambayar ko ana iya neman mace yanzu. Wadda aka saka tana idda, tsarki uku a mazhabar Malikiyya, ko har ta haihu idan tana da ciki. Wadda mijinta ya rasu tana takaba, wata 4 da kwana 10. Da zarar wa'adin ya cika, su biyun suna ɗaya suke amsawa, bazawara, kuma zawarci suke yi. Kalmar ba ta waiwayen abin da ya faru, gaba take kallo. A yanzu a ɗauki mace da aka yi wa saki ɗaya jiya, ta zo asibitin Tudun Wada yau, ma'aikaci ya tambaye ta. Idan ya sa mata divorced, ya manta cewa mijin na iya mayar da ita ba tare da sabon ɗaurin aure ba, ciyar da ita na kansa, kuma idan ɗayansu ya rasu a cikin iddar akwai gado tsakaninsu. Idan ya sa married, an riga an tsinka igiya ɗaya. Wadda ta yi yaji tana gidan iyayenta wata uku fa? Separated ce ta fi kusa, amma a Turancin doka kalmar na iya nufin rabuwar da kotu ta amince da ita, yaji kuwa fushi ne da ake sa ran biko zai kashe. Akwatin married bai tambayi ko mata nawa ba, bai san uwargida da amarya ba. Single kuma ta haɗa saurayi ɗan shekara 18 da tuzurun da ya wuce lokaci bai taɓa yi ba, kuma a bakin mutane da yawa har da gwauron da ya taɓa yi ya rabu, wanda Nalako ke farauta da tashe a birnin Kano cikin watan azumi. Babu Bahaushen da zai yarda waɗannan ukun halinsu ɗaya.

Shirin aurar da zawarawa da gwamnatin Kano ta fara a 2012 ta hannun Hukumar Hisbah, lokacin Rabi'u Musa Kwankwaso yana gwamna kuma Malam Aminu Daurawa na shugabantar hukumar, ya ba da misali mai kyau. An fara da ma'aurata 100. A Hausa sunan shirin kalma biyu ne, auren zawarawa, kuma kowa ya gane. Jaridun Turanci kuwa dole suka riƙa jera kalma biyu, matan da aka saka da matan da mazansu suka mutu, domin ba su da guda ɗaya da ta haɗa su. Da aka faɗaɗa shirin ya haɗa da 'yan mata, kamar wanda aka yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, sai sunan auren gata ya fi bin baki, Turanci kuwa ya tsaya a mass wedding, wato taron aure mai yawa. Turancin ya ƙirga kawuna, Hausar ta faɗi wanda ya ɗauki nauyi da halin wanda aka ɗaukar wa.

Mai karatu na iya cewa duk wannan wahalar da kai ce, domin Turawan da kansu suna cakuɗa kalmomin, ƙamusoshinsu ma sukan fassara ɗaya da ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. A wurare da dama marital da matrimonial suna musayar gurbi ba tare da an ji komai ba, kamar wajen ambaton gidan da ma'aurata ke zaune, kuma idan ana maganar jin daɗin zaman aure kusan kowacce daga cikinsu na iya shiga. Amma cakuɗuwa a tsakiya ba ta share iyaka a gefe. Ba Baturen da zai rubuta conjugal status a fom, ko ya kira kotun raba aure bridal, kamar yadda Bahaushe kan ce matarsa ko iyalinsa ko mai ɗakinsa duk da nufin mutum ɗaya, amma a gaban surukinsa ya san wacce zai ɗauka. Jarrabawa ma ba ta ce kalmomin ɗaya ne ba, cewa ta yi a zaɓo mafi kusa, kuma kusanci ba ya yiwuwa sai tsakanin abubuwa biyu. Wani kuma zai ce na jingina da asalin kalmomi, alhali asali ba ya hukunta ma'ana. Wannan na yarda da shi gaba ɗaya, kuma bridal da ta tashi daga giya ta koma mayafin amarya ta isa shaida. Karkiya da uwa da miji na kawo su ne don su taimaki ƙwaƙwalwa. Hujjar tana cikin abokan tafiyar kowace kalma, wato kalmomin da aka saba jin ta tare da su, da kuma takardun da take bayyana a cikinsu.

Ƙalubalen da ya fi ƙarfi shi ne na wanda zai ce manomin shinkafa a bakin madatsar Tiga ba ruwansa da conjugal, aurensa liman ya ɗaura, idan ya lalace alƙali zai raba, duk da Hausa. Haka ne, shi ba zai karanta kalmar ba. Amma ana karanta ta a madadinsa. Ɗansa da ya gama sakandare shi ke cike masa fom. Ma'aikacin lafiya shi ke zaɓar wa matarsa akwati. Daga waɗannan akwatuna ake tattara alƙaluman da ake kawowa daga baya a ce ga yawan sakin aure a Kano, ga yawan zawarawa, a gina shiri a kansu. Idan mai idda da mai yaji da bazawarar da ta shekara biyar kowacce ta faɗa akwatin da mai biro ya ga dama, adadin da zai fito ya dogara ne da fassarar da aka yi a tsaye a bakin taga. Ba sai manomi ya koyi Latin ba. Wanda ke tsakaninsa da takarda shi ne ya kamata ya san cewa tambayar "kina da aure?" ba ta ƙare aikin ba, sai ya bi ta da "yana nan ko an rabu, kuma kin gama idda?"

Akwai kuma masu ganin mafita ita ce a ƙirƙiro wa kowace sifar Turanci takwararta ta Hausa, kalma da kalma, a zuba a ƙamus. Ban ga alfanun wannan ba. Harshen da ke da zaman aure da igiyar aure da ɗaurin aure bai rasa komai ba da zai je aro, kuma ƙirƙirarriyar sifa za ta zauna a littafi ne kawai, ba mai furta ta a kasuwar Kiru. Haɗarin ma ta ɗaya gefen yake, wato a ɗauki kalmar Turanci a liƙa wa abin Hausa saboda sun yi kama daga nesa. An daɗe ana kiran sadaki dowry a Turancin Najeriya, alhali a Ingila dowry dukiyar da amarya ke kai wa gidan miji ce. Sadaki daga miji yake fitowa, mallakin matar ne, kuma Malikiyya sun sa mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Abin da ya fi kama da dowry a wurinmu shi ne gara da kayan ɗaki, su ma kamar ba ta cika ba, domin gado da katifa da jeren kwanuka na amarya ne, ranar da aure ya mutu da motar kwasar kaya ake zuwa. Shi ya sa matrimonial property, dukiyar da kotun auren rajista ke iya dubawa ta daidaita tsakanin mutum biyu, ba ta da takwara a auren da aka ɗaura a masallacin Juma'a na Tudun Wada, inda akuyar mace tata ce, gonar miji tasa ce, kuma ko matrimonial home ɗin ma sunaye biyu gare shi: shi yana cewa gidana, ita tana cewa ɗakina.